Darasi Na 18: Laburaren Ƙasa

Laburare gida ne inda ake tara littattafai don jama'a su karanta. Nijeriya tana da wani babba, ana ce da shi Laburaren Ƙasa. An buɗe shi a Ikko cikin 1964. Yanzu hedkwatarsa tana Abuja, yana kuwa da rassa a manyan garuruwa, kamar Kaduna da Kano.

Daga ina littattafansa ke fitowa? Dokar 1970 ta ce duk mai buga littafi a ƙasar nan ya kai musu guda 3. Gwamnatin jiha ta kai 10, ta Tarayya 25. Saboda haka ko littafi ya ƙare a kasuwa, jikokinmu za su same shi can.

Ana buɗewa ranakun aiki, daga Litinin zuwa Jumma'a. Ranar hutun gwamnati, kamar ta Salla, ba a buɗewa. To, duba ranar kafin ka kashe kuɗin mota.

In ka shiga, gaya wa ma'aikaci abin da kake nema. Ba a aron littafi zuwa gida, nan za ka zauna ka karanta. Ban da surutu, ban da cin goro, ban da yage takarda.

Kada ka ji kunya don kai sabon ɗalibi ne. Karatu kamar fartanya yake, in an jingine shi sai tsatsa.

Tambayoyi
1. Yaushe aka buɗe Laburaren Ƙasa?
2. Don me ake kai musu littattafai?