Yaya Zan Koyi Kalangu Ba Tare Da Na Dami Maƙwabta Ba?

Tambaya: Ina zaune a unguwar Birni a Zinder, gidajenmu jikin juna suke. Ina son koyon kalangu, amma tsofaffi suna ƙorafin ƙara. Yaya zan yi, kuma wane iri zan saya?

Amsa: Ɗana, tsofaffin nan suna da gaskiya. A Birni kunne ya saba da tambarin fadar Sarkin Damagaram, wanda ke da lokacinsa, shi ya sa kiɗan kowane lokaci yake damunsu.

Rabin aikin kalangu a hammata yake. Matsa tsarkiya da sakinta shi ke sauya murya, kuma za ka iya yin wannan kullum kana taɓa fatar da yatsa kawai. Don horar da hannu, ninka tsohon zane, ka ɗaure shi a bakin kalangun, ko ka buga sandar kiɗan a kan matashin kai. Kiɗa sosai kuwa, bari sai bayan la'asar, ka fita bayan gari. Kada ka buga lokacin salla ko bayan lisha.

Wajen saye, tafi da makaɗi tsohon hannu. Makaɗan mahauta sun san kalangu ciki da waje. Duba kangon da kyau, in ka ga tsaga ko ramin gara, ajiye shi. Fata ta zama siririya marar faci, tsarkiya kuma ta ja daidai ta kowane gefe. Ƙarami ya ishe ka farawa. Da damina fata tana saki, sai ka shanya kalangun kaɗan. Da hunturu kuma nisanta shi da wuta, don kada ta tsage.