Benayen Katako a Manyan Biranen Turai da Amurka

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malaman ofisoshinsu, su san wani salon gini da ya ke yaɗuwa a Turai da Amurka, su kuma gane abin da ya ke riƙe da shi. A waɗancan ƙasashe a kan gina bene mai hawa goma, ko ashirin, har fiye, wanda ginshiƙansa da bangayensa da daɓensa na katako ne. Ba a wurin ginin a ke sassaƙa katakon ba. A ma'aikata a ke yanka kowane ɓangare bisa awo, a ɗauko shi a mota, a zo a harhaɗa.

Abin da ya kori katako daga birane

Gina bene da itace ba sabon abu ba ne. A Japan akwai hasumiyar Horyuji mai hawa biyar, wadda ta yi shekara wajen 1,300 a tsaye. Gobara ce ta kori katako daga manyan birane. A 1666 wuta ta cinye gidaje fiye da 13,000 a Landan, shekara na zagayowa aka yi doka cewa sai da bulo ko dutse za a sāke gina birnin. A 1871 irin wannan masifa ta auka wa Shikago ta Amurka. Suwidin kuwa, a 1874 ta hana gina gidan katako da ya wuce hawa biyu, ba a ɗage hanin ba sai 1994, watau bayan shekara 120. Sabuwar dokar ba ta tsaya ga abin da aka yi ginin da shi ba. Abin da ta nema shi ne a tabbatar ginin zai jure wuta har mutane su fita.

Irin katakon da a ke aiki da shi

Katakon waɗannan benaye ba irin na kasuwa ba ne. Galibi daga itacen da Turawa ke kira sifurus a ke samunsa, wanda ya ke fita a ƙasashen sanyi. A kan tsaga shi falle falle, a busar a ɗakin zafi har ruwan jikinsa ya koma wajen kashi 12 cikin 100, a fid da mai aibi, sa'an nan a manne sauran da gam a ƙarƙashin injin matsi.

Mannin iri biyu ne. Na farko, a jera fallayen duka suna fuskantar waje ɗaya, sai su zama gungume mai kauri da tsawon da ba a samu a itace guda. Da shi a ke yin ginshiƙai. Wani Bajamushe, Otto Hetzer, ya sami takardar mallakar wannan dabara a 1906.

Na biyu shi ne katakon gicciye, wanda Turawa su ka taƙaita sunansa CLT. An ƙago shi a Ostiriya da Jamus cikin shekarun 1990. Duk wanda ya taɓa faskare ya san itace ya kan tsage da sauƙi ta tsawonsa, amma ta gicciye sai da wahala. Saboda haka a kan shimfiɗa jeri ɗaya a tsaye, a ɗora na biyu a gicciye, na uku kuma a tsaye, har jeri uku, ko biyar, ko bakwai. Kowane jeri ya na hana ɗan'uwansa tsagewa da tanƙwarewa. Abin da ya ke fitowa babban allo ne, faɗinsa wajen mita 3, tsawonsa ya kan kai mita 16, mita ɗaya kuwa ya ɗan ɗara yadi ɗaya. Allo guda ya kan zama bangon ɗaki ko daɓen bene.

Daga ma'aikata zuwa wurin gini

Kafin a taɓa katako ko ɗaya, sai an gama zana gidan duka a kwamfuta. Ita ce ta ke bi da injin yanka, ya fid da gurbin ƙofa da taga, da ramukan bututun ruwa da wayar lantarki. A kan sa wa kowane allo lamba, a loda su bisa jerin da za a bukace su. A wurin ginin an riga an zuba harsashi na kankare. Injin ɗaga kaya ya ɗauki allo ya kai gurbinsa, kafintoci su ɗaure shi da dogayen ƙusoshi masu murɗawa da faranta na ƙarfe. Kuskuren da aka yi a zane kuwa ya na da wuyar gyara a wurin gini, don allon ya riga ya yanku.

A unguwar Hackney ta Landan an gama wani bene mai hawa tara a titin Murray Grove a 2009, mai gidaje 29. Hawan ƙasa na kankare ne, sauran takwas na katakon gicciye da aka kawo daga Ostiriya. Kafintoci huɗu su ka tsai da hawa takwas ɗin cikin kwanakin aiki 27. A birnin Bergen na Norwe an gama bene mai suna Treet a 2015, hawa 14, gidaje 62. Ɗakunansa a Istoniya aka ƙera su, aka kawo a jirgin ruwa, aka jera bisa juna cikin ginshiƙan katako. A 2017 Jami'ar British Columbia ta Kanada ta buɗe ɗakin kwanan ɗalibai mai hawa 18. A 2019 aka gama Mjostarnet a garin Brumunddal na Norwe, hawa 18, tsayinsa mita 85.4. A 2022 kuma aka gama Ascent a Milwaukee ta Amurka, hawa 25, mita 86.6, amma hawan ƙasa inda a ke ajiye motoci na kankare ne.

Amfaninsa

Ban da sauri, akwai rashin nauyi. Nauyin katako wajen kashi ɗaya ne cikin biyar na kankare mai girmansa, don haka harsashin ba ya bukatar ƙarfi kamar na benen siminti, motocin kaya ma ba su da yawa, maƙwabta su huta da ƙura da ƙara. Akwai kuma batun iskar kabon da ta ke ɗumama duniya. Yin siminti ya na fid da wajen kashi 7 ko 8 cikin 100 na wadda 'yan Adam ke saki. Itace kuwa shanye ta ya ke yi sa'ad da ya ke girma, ta zauna a jikin katakon muddin bai ƙone ko ya ruɓe ba.

Wuta, ruwa da iska

Siririn kara nan da nan ya ke cinyewa, amma gungume ya kan kwana ya na ci. Idan wuta ta kama katako mai kauri, bayansa ya kan zama gawayi, gawayin ya tare zafi daga cikin. An auna an ga wutar na shiga wajen santimita 4 a sa'a guda. Injiniyoyi su kan ƙara kaurin ginshiƙi daidai da haka, domin abin da ya rage ya ci gaba da ɗaukar ginin. A kan kuma rufe bangaye da allunan filasta, a sa famfunan yayyafi a rufi. Duk da haka hukumomi ba su saki jiki ba. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta ci rai 72, Ingila ta hana sa abu mai cin wuta a bangon waje na gidajen kwana da su ka wuce mita 18. Grenfell ba na katako ba ne, amma dokar ta 2018 ta shafi katako.

Ruwa ma abokin gaba ne. Katakon da ya jiƙe bai bushe ba ya kan ruɓe a ɓoye, shi ya sa a ke ɗaga shi daga ƙasa, a rufe shi tun ana gini. Rashin nauyi kuma ya na da nasa aibi. Takun mai tafiya a sama ya kan dami na ƙasa, sai an yi wa daɓen shimfiɗa. Dogon bene marar nauyi ya kan yi rangaji cikin iska, saboda haka aka yi daɓen hawa bakwai na ƙolin Mjostarnet da kankare.

Abin lura ga Hakimai

Tushen wannan gini duka daji ne. Suwidin ta yi doka a 1903 cewa wanda ya sare itatuwa wajibi ne ya mai da wasu a gurbinsu. Daga shekarun 1920 zuwa yau itacen da ke tsaye a dazuzzukanta ya ninka, alhali ba a daina sara ba. Wanda ya dasa bai cika ganin saran ba, jikokinsa ke cin amfanin.

Sifurus ba ya fita a Arewa, ga kuma gara, wadda ba ta damun Norwe da Suwidin. Saboda haka ba za a kwaikwayi waɗannan benaye ido rufe ba. Amma maginan soro sun daɗe da sanin darajar azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, giginya kuwa ta na shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Hakimin da ya tsare gandun dajin ƙasarsa, ya goyi bayan malaman daji, ya sa dagatai da masu unguwa su kula da dashe, ya bi hanyar da ta kai waɗancan ƙasashe ga wadatar katako. Malaminsa kuma ya riƙa rubuta abin da aka sare da abin da aka dasa kowace shekara, domin da irin wannan lissafi a ke sanin ko daji na ƙaruwa ko raguwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa Suwidin ta hana dogayen gidajen katako, kuma me dokar 1994 ta nema?
2. Mene ne amfanin gicciya jerin katako?
3. Ta yaya gawayi ya ke tsare ginshiƙi cikin gobara?
4. A lissafa itatuwan gini da ke cikin gunduma, a faɗi waɗanda ke raguwa da dalilin raguwarsu.