Kafin Ka Ɗora Wa Kwamfutarka Windows

Ɗana, mahaifinka ya iso Birnin Kudu da labarin cewa ka je Kano, ka zaga Farm Centre da titin Beirut, ka sayo kayan kwamfuta ɗai-ɗai, ka harhaɗa ta da hannunka a Gwaram. Allah Ya sa albarka. Saura babbar manhajar da za ta tafiyar da ita, kuma a nan nake so ka natsu kafin ka zaro kuɗi.

Aikin da za ka yi shi ne ma'auni. In buga takardu ne, da duba sakamakon jarrabawa, da koya wa ɗalibai amsa tambayoyin JAMB a kwamfuta, Windows 11 Home ta ishe ka. Abin da Pro ta ɗara ta da shi na manyan ofisoshi ne: sarrafa kwamfutar daga nesa, haɗa ta da tsarin ma'aikata, da cikakken BitLocker na kulle bayanai. A farashin Microsoft, Home dala 139 ce, Pro dala 199. Wannan ratar ta dala 60 ka zuba ta a ƙarin RAM ko UPS, tun da ka san halin wutarmu. Ranar da sana'a ta bunƙasa, ana iya ɗaga Home zuwa Pro ba tare da an goge komai ba.

Kada a lallaɓe ka da Windows 10. Tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina yi mata gyaran tsaro na yau da kullum. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa: TPM 2.0, RAM aƙalla 4GB, wurin ajiya 64GB, kuma in furosesar Intel ce, galibi daga tsara ta 8 zuwa sama. Duba kayanka tukuna. Sannan ka tambayi irin lasisin da za a sayar maka. Na OEM manne yake da madabod ɗin da aka fara sa shi, amma cikakken lasisi yana bin ka ko ka canza inji. Ga mai sauya kaya irinka, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Wani zai miƙo maka filashi ya ce, "Pro ce, an riga an fasa, ba ko sisi." Ɗana, araha ba ta ado. Irin waɗannan sukan zo da ɓoyayyar manhajar leƙen asiri. Gobe wata baiwar Allah za ta ba ka lambar NIN ɗinta da hotonta ka cika mata fom, manomi zai ba ka BVN. Amana ce suka damƙa maka. Ga kuma haƙƙin masu kaya, wanda nisan ƙasarsu bai sauke shi daga wuyanka ba.

In aljihu bai kai ba, akwai halattacciyar kyauta. Ubuntu da Linux Mint ba a biyan komai, suna tafiya lafiya a tsofaffin injuna, kuma Ubuntu 24.04 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel. Sai dai CorelDraw da Photoshop ba sa hawa kai tsaye, don haka in katin biki da fosta ne abincinka, ka tara kuɗin Home. Kunna Linux daga filashi, ka gwada firintarka, ka buga shafi biyu, sannan ka yanke shawara.

Ka sayi daidai buƙatarka, ta hanyar da ba za ka ji kunyar faɗa ba. Allah Ya yi maka jagora, Ya sa sana'ar ta zama silar arziki.