Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Ƙidayar Kifin Teku: Abin da Ya Faru a Kanada

Ranar 2 ga watan Yuli na shekarar 1992, Ministan Harkokin Kamun Kifi na ƙasar Kanada, Mista John Crosbie, ya ba da sanarwar haramta kamun kifin nan da ake kira kod a tekun da ke gabashin lardin Newfoundland. Kimanin mutane 30,000 ne suka wayi gari ba su da abin yi, daga masunta har zuwa ma'aikatan kamfanonin sarrafa kifi. Irin wannan kifi ne ƙasar Norway take busarwa tana sayar wa 'yan kasuwar Nijeriya.

Abin lura shi ne, ba da ka hukuma take yanke yawan kifin da za a kama kowace shekara ba. Tana da masana, kuma masanan suna da lissafi da suke ɗora wa na'ura mai ƙwaƙwalwa. Tun da yake ba mai iya shiga teku ya ƙirga kifi, sai a ba na'urar yawan abin da aka kama da shekarun kifayen, ita kuma ta kimanta abin da ya rage a ruwa.

Wannan fanni ya samo asali ne daga kasuwa. Wani masanin halittu ɗan Italiya, Umberto D'Ancona, ya duba bayanan kasuwannin kifi na bakin tekun Adriatic, ya ga cewa a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka rage su, kason kifaye masu cin 'yan'uwansu ya ƙaru. Surukinsa, Vito Volterra, ya fito da lissafin da ya bayyana dalili a shekarar 1926: idan abin farauta ya yawaita, mafarauta sukan yawaita, su cinye shi, sa'an nan yunwa ta rage su, haka abin yake ta juyawa.

To, ina aka kuskure a Kanada? Ɗaya daga cikin ma'aunan da aka dogara da su shi ne yawan abin da manyan jiragen ruwa suke kamawa a kowane jan koma. An ɗauka cewa muddin koma tana cika, kifi na nan da yawa. Alhali kuwa shi kod, idan ya ragu, sauran da suka tsira sukan taru wuri ɗaya, jiragen kuma suna da na'urorin da ke gano inda suka taru. Saboda haka koma ta ci gaba da cika, teku kuwa tana ƙarewa. Misalinsa kamar ɗan kasuwar da ke auna abin da ke cikin rumbunsa da yawan cinikin da ya yi yau. Ƙananan masunta na bakin gaɓa sun yi ta koke tun tsakiyar shekarun 1980 cewa kifi ya yi ƙaranci kuma ya ƙanƙance, amma ba a ba maganarsu nauyin da ya kamata ba. Sai a 1989 masana suka amince cewa kimantawar baya ta zarce gaskiya ƙwarai, gwamnati kuma ba ta rage kason kamu daidai da shawararsu ba, don gudun rufe masana'antu.

A nan ne wasu dabaru na ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa suke da amfani. A 1980 Robin Milner na Jami'ar Edinburgh ya wallafa wani tsarin rubutu na lissafi domin bayyana yadda na'urori da yawa ke aiki tare a lokaci guda. Daga baya aka ga cewa garken dabbobi ma haka yake: kowace tana nata, amma suna shafar juna. A 1992 Chris Tofts ya yi amfani da irin wannan tsari wajen bayyana halayyar tururuwa, a 2008 kuma masana a Jami'ar Stirling suka nuna yadda za a fitar da lissafin ƙaruwa da raguwar al'umma da shi.

Bambancin shi ne, maimakon a fara da jimillar garke, sai a rubuta ƙa'idojin rayuwar dabba guda: yaushe take haihuwa, yaushe take mutuwa, me take yi idan abinci ya yi ƙaranci, ina take nufa idan 'yan'uwanta sun ragu. Daga waɗannan ƙa'idoji ne ake fitar da lissafin garken baki ɗaya. Bugu da ƙari, akwai dabarar da ke sa na'ura ta bi duk hanyoyin da al'amari zai iya bi, ta amsa tambaya irin wannan: idan aka ci gaba da kama tan kaza kowace shekara, shin akwai yiwuwar kifin ya ƙare? Fa'idar hakan ita ce, zato irin wanda aka yi game da cikar koma ba ya samun wurin ɓuya, dole a rubuta shi a fili inda wani zai iya ƙalubalantarsa. Sai dai dabarar tana da nauyi, domin hanyoyin da za a bi suna ninkuwa da zarar dabbobin sun yi yawa, kuma ba ta gyara bayanan da aka tattara ba daidai ba.

Haramcin da aka ce na shekara biyu ne, sai da ya kai shekara 32. A watan Yuni na 2024 ne Kanada ta sake buɗe kamun wannan kifi don kasuwanci, da kason tan 18,000. A shekarar 1968, abin da aka kama a wannan ruwa ya haura tan 800,000.