Darasi: Alkawarin da Allah Ya Ɗauka Shi Kaɗai

Karatu: Farawa 15:1-21 da Galatiyawa 3:6-29. Ayar haddacewa: Galatiyawa 3:29.

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Abin da mu ke so mu bincika yau shi ne, a cikin alkawarin da ke tsakanin Allah da mutanensa, wa ya ɗauki kayan? Tambayar nan ta shafe mu duka. Akwai 'yan'uwa a cikinmu waɗanda sun daɗe da yin baftisma, ba su fasa sujada, ba su hana zakka, amma in ciwo ya kwantar da su sai tsoro ya kama su, su ce ko aikinsu ya isa Allah ya karɓe su. Akwai kuma waɗanda su ka tabbata aikinsu ya isa har ya yi saura, suna duban sauran jama'a da ido ɗaya. Dukansu biyu cuta ɗaya ke damunsu, maganinta kuwa yana cikin karatunmu.

Abin da ya faru a Galatiya

Galatiya lardi ne na mulkin Romawa, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu. Manzo Bulus ya yi wa'azi a garuruwan Antakiya ta Bisidiya, da Ikoniya, da Listira, da Darba, kamar yadda mu ke karantawa cikin Ayyukan Manzanni sura 13 da 14. Al'ummai da yawa su ka ba da gaskiya ga Yesu Kristi. Bayan tashinsa sai waɗansu masu koyarwa su ka zo, su ka ce bangaskiya tana da kyau, amma ba ta cika ba sai an yi kaciya an kuma kiyaye Attaura ta Musa. Mu lura, mutanen nan ba su musunci Yesu ba. Ƙari kaɗai su ka yi a kansa. Bulus ya ga ƙarin nan zai rushe bishara ɗungum, saboda haka ya komar da Galatiyawa can baya, zuwa wurin Ibrahim.

Daren da a ka yanka alkawari

Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da ya bar Haran bisa ga kiran Ubangiji. A lokacin sunansa Abram ne, ba shi da ɗa, matarsa Saratu kuwa bakarariya ce. Cikin sura 15 mun iske shi yana kai kuka, gama bawan gidansa Eliyezer ne zai gaje shi. Sai Ubangiji ya fito da shi waje, ya nuna masa taurari, ya gaya masa zuriyarsa za ta yi yawa kamarsu. Ibrahim ya gaskata, Allah kuwa ya lissafta masa wannan a kan adalci (aya 6).

Sa'an nan Ubangiji ya umurce shi ya kawo karsana, da akuya, da rago, kowanne bana uku, da kurciya da ɗan tattabara. Ya tsaga dabbobin biyu biyu, ya jera su daura da juna. Al'adar mutanen zamanin ke nan: masu ƙulla alkawari su kan ratsa ta tsakanin tsagin, wato kowa yana rantsuwa cewa in ya karya alkawari a yi masa yadda a ka yi wa dabbar. Annabi Irmiya ya ambaci al'adar nan cikin sura 34, aya 18.

To, ga abin mamaki. Da rana ta kusa fāɗuwa barci mai nauyi ya kwashe Ibrahim. Da duhu ya yi, tanderu mai hayaƙi da harshen wuta su ne su ka ratsa ta tsakanin naman, alamar Ubangiji ke nan. Ba a ce Ibrahim ya taka ko sau ɗaya a wurin ba. Allah ne ya ɗaure kansa da rantsuwa, shi ne ya ɗauki kayan.

Mu kuma lissafta shekaru. An haifi Isma'ilu Ibrahim yana da shekara 86, abin da ya faru cikin sura 15 kuwa ya riga wannan. An ba shi kaciya yana da shekara 99. Ashe ya yi fiye da shekara 13 yana mai adalci a gaban Allah tun ba a yi masa kaciya ba. Wannan ce hujjar Bulus cikin Romawa sura 4: kaciya hatimi ce a kan abin da ya riga ya samu ta wurin bangaskiya.

Shari'a ba ta soke alkawari ba

Bulus ya ce Attaura ta zo shekara 430 bayan alkawari. Mu ɗauki misali. Mutum ya ba ɗansa gona kyauta a gaban dagaci da shaidu, magana ta ƙare. Bayan shekaru wani ba ya iya zuwa ya ce sai ɗan ya biya dami ɗari kafin gonar ta zama tasa. In ya biya, ta tashi daga kyauta ta koma ciniki. Haka nan gādon da Allah ya ba Ibrahim ta wurin alkawari, dokokin da a ka bayar a Dutsen Sina'i ba su mai da shi abin saye ba.

Me ya sa fa a ka ba da shari'a? Kada mu yi tsammani mugun abu ce, gama daga wurin Allah ta fito, mai tsarki ce kuwa. Aikinta ne ya kamata mu gane. Ta yi kama da madubi: yana nuna wa mutum dauɗar fuskarsa sarai, amma ba wanda ya taɓa wanke fuska da madubi. Malaman Yahudawa sun ƙidaya dokokin Attaura su ka sami 613. Wanda ya zaɓi ya sami karɓuwa ta hanyarsu, wajibi ne ya cika su duka, kullum, gama Kubawar Shari'a 27:26 ta ɗora la'ana a kan wanda ya kāsa. Igiyar guga in ta tsinke a wuri ɗaya, guga ya tafi rijiya, kome ƙarfin sauran igiyar.

Cikin aya 24 Bulus ya kwatanta shari'a da wani bawa da a ke samu a gidajen Helenawa da Romawa. Aikin bawan nan shi ne ya lura da yaro, ya raka shi makaranta, ya tsauta masa in ya yi ƙiriniya. Yaro yana ƙarƙashinsa har ya girma, daga nan aikin bawa ya ƙare. Haka shari'a ta tsare mutanen Allah har Kristi ya zo. Shi ne zuriyar Ibrahim da a ke jira. Ya cika shari'a duka, sa'an nan ya ɗauki la'anarta a kan gicciye saboda mu. Mu ne mu ka yi laifi, amma jikinsa ne a ka tsaga kamar dabbobin nan na Ibrahim.

Ina amfanin aikin kirki?

Wani zai ce, in haka ne sai mu miƙe ƙafa mu yi abin da mu ka ga dama. Ko kaɗan. Yakubu cikin wasiƙarsa, sura 2, ya nuna bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba gawa ce, ya kuma kawo Ibrahim ɗin nan shaida, sa'ad da ya miƙa Ishaku. Mu dubi mutum biyu suna noma a gona ɗaya. Ɗan ƙodago yana duban rana, yana lissafin ladansa, in bai gama kunya ba a rage masa kuɗi. Ɗan gida yana noman gandu domin gidan ubansa ne, hatsin kuma nasu ne. Sau da yawa ɗan gida ya fi ɗan ƙodago aiki, amma noman ba shi ya mai da shi ɗa ba. Haihuwa ce ta mai da shi. Dokokin ikilisiyarmu suna da amfani domin tsari da shaida mai kyau, sai mu kiyaye su kamar 'ya'yan gida. Ranar da mu ka mai da su kuɗin sayen ceto, mun bi sawun Galatiyawa.

Akwai kuma gwaji ɗaya da ba ya ɓoyuwa, wato akushi. A Antakiya ta Suriya Bitrus ya kan ci abinci tare da Al'ummai masu bi, amma da waɗansu su ka zo daga Urushalima sai ya janye, har Barnaba ma ya bi shi. Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a (Galatiyawa 2:11-14). A ikilisiyoyinmu kabilu dabam dabam ne ke zama a benci ɗaya. In akwai ɗan'uwa mai bi wanda ba mu iya sa hannu cikin ƙwarya ɗaya da shi saboda yarensa, ko talaucinsa, ko domin shi sabon tuba ne, to, mun ƙara wani sharaɗi a kan wanda Allah ya sa. Aya 28 da 29 sun koya mana duk wanda ke na Kristi zuriyar Ibrahim ne, magaji ne kuma, kome asalinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wa ya ratsa ta tsakanin dabbobin, me wannan ya koya mana?
2. Me ya sa Bulus ya kula da cewa bangaskiyar Ibrahim ta riga kaciyarsa?
3. Waɗanne abubuwa ne mu kan ƙara a kan bangaskiya a ikilisiyarmu?
4. In mun je gaishe da ɗan'uwa marar lafiya mai tsoron mutuwa, me za mu gaya masa daga darasin nan?

Addu'a

Mu gode wa Ubangiji domin ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinmu. Mu roƙe shi ya kawar mana da tsoro da fāriya, ya ba mu zuciyar 'ya'ya, ya kuma koya mana mu karɓi juna yadda ya karɓe mu cikin Yesu Kristi. Amin.