DARASIN YAU: Mukullin shafinka da asusunka

Yau za mu ɗan ajiye maganar abinci da rigakafi, mu taɓa wata ɓaraka da ke cinye jari ba tare da kaza ko ɗaya ta mutu ba.

Tun ƙarancin kuɗin hannu na farkon 2023, cinikin ƙwai da tarwaɗa ya koma waya. Mai kiwo a Mazanya ko Magama yana tallata kajinsa a Facebook, ya karɓi oda ta WhatsApp daga Katsina ko Maraɗi, kuɗi su shigo ta OPay ko Moniepoint. To amma ka tambayi mutum kalmar sirrinsa, sai ka tarar lambar wayarsa ce. Lambar da ya rubuta da kansa a ƙarƙashin kowane talla! Wani kuma yaron da ya buɗe masa shafin a shagon caji ne ya zaɓa masa, har yau bai canza ba.

Wanda ya ƙwace shafinka ba hotunan kajinka yake so ba, amanar da mutane suka ba ka yake so. Zai jira lokacin da kowa ke neman 'yan tsaki, kamar wata biyu kafin Sallah, ya sa talla da sunanka cikin farashi mai sauƙi, ya ba da lambar asusunsa. Waɗanda suka tura kuɗi ƙofar gidanka za su zo, ba tasa ba.

Ƙarfin kalmar sirri a tsawonta yake. Lamba huɗu, haɗi 10,000 ne kacal za a iya yi da ita, shida kuma miliyan ɗaya, kwamfuta ba ta ɗaukar wannan aiki. Saboda haka ka ɗauko kalmomi huɗu da ba ruwan kowace da 'yar uwarta, ka jera su, ka ƙara lamba da alama. Misali: BokitiRaniGishiriTaga47! Ba wuyar haddacewa, amma ba a cinka. Kar ka ɗauki wannan fa, kowa ya gani. Ka bar sunan gonarka, na ɗanka da shekarar haihuwa, su ake fara gwadawa. Ka kuma guji ɗ, ƙ da ɓ, don ba kowace waya ke da su ba.

Kowane asusu da tasa. Idan ɗaya ce ko'ina, ranar da ta fita an buɗe duka. Ka fara da imel ɗinka, domin ta nan ake sake saita sauran. Rubutawa a takarda ba laifi, in dai ba cikin littafin lissafin ƙwai ba, wanda yaran gona ke buɗewa kullum.

Sai lambobi shida da WhatsApp ke turowa. Wani zai kira ka ya ce daga ƙungiyar manoma ne, an sa sunanka a tallafi, ka karanto masa lambar da ta shigo. Kana karantawa shafin ya tafi. Wallahi ba ma'aikacin gaskiya da zai nemi wannan lamba, ko lambar sirrin katinka. Shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lamba shida taka ta kanka.

Mu na bakin iyaka akwai ƙarin abu guda. Da yawanmu layi biyu muke riƙewa, na Najeriya da na Nijar. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani na iya sayar wa wani, kuma saƙon sake saita asusunka wurinsa zai je. Ka duba da wane layi ka yi rajista. Kun kuma tuna Satumban 2021, da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina har da Jibia, saƙo ya daina shigowa. Facebook da Google suna ba da lambobin ajiya da ake shiga da su ko layinka ba ya aiki. Ka sauke su tun yanzu, ka kwafe a takarda.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, amma don Allah kar kowa ya rubuto kalmar sirrinsa wai in duba masa ƙarfinta.