Kimiyya da Lafiyar Jiki: Zaɓen Takalmin Guje-guje da Tsalle-tsalle Domin 'Yan Mata

Batun yau shi ne takalmin da ya kamata iyaye su zaɓa wa 'ya'yansu mata masu shiga wasannin guje-guje da tsalle-tsalle a makaranta.

Da fari sai a duba ƙafar kanta. Kowace ƙafa ta baligi tana da ƙasusuwa 26. Amma a ƙafar yarinya wadansu sassan ƙasusuwan nan guringuntsi ne tukuna, ba su gama ƙosawa sai wajen shekara 14. In mutum yana gudu kuwa, nauyin da ke sauka bisa ƙafarsa kowane taki ya kan kai ninki biyu ko uku na nauyin jikinsa. Saboda haka 'yan mata masu shekara 8 zuwa 12 su kan yi fama da ciwon diddige, daidai inda agara ke jan ƙashin da bai ƙosa ba. Wani likita na Amurka, James Sever, shi ya bayyana wannan ciwo a 1912. Takalmi mai taushin diddige yana rage shi.

Takalman wasan iri biyu ne. Akwai na koyo, watau mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba, wanda ya ishi ƙaramar yarinya kusan kowane wasa. Sa'an nan akwai mai ƙusoshi, wanda ke kama ƙasa don kada a zame. Shi wannan ba shi da tsokar diddige sosai, don haka ba a sa shi kullum, sai ranar gasa ko gwaji kaɗan kafinta. Dokar ƙungiyar wasannin ta duniya ba ta yarda ƙusoshi su wuce 11 ba, tsawonsu kuma kada ya wuce milimita 9 a filin roba, sai a tsallen sama da jifan mashi inda aka yarda da 12.

Ga yadda za a gwada. A je da yarinyar da yamma, domin ƙafa ta kan ɗan kumbura bayan yini. Ta sa safar da za ta yi gudu da ita, ta miƙe tsaye, a gwada ƙafa biyu duka, gama sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma. A bar fili kamar rabin inci tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi. A lanƙwasa shi a hannu: ya kamata ya lanƙwashe a gindin yatsu, ba a tsakiya ba.

Kada a sayi babba ƙwarai wai don ta girma cikinsa, zai jawo tuntuɓe da bororo. Matsattse kuma yana ɓata farce. In na gwanjo ne, a duba ko ƙasansa ya cinye gefe ɗaya. Wanda zai aika da takalmi daga wata ƙasa, gara a zana masa ƙafar a takarda, domin lambar Ingila dabam ta ke da ta Amurka da ta sauran Turai.

Lalle Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren dogon zango a Rum a 1960 ba takalmi, amma shi ƙafarsa ta riga ta ƙosa, ta kuma saba. Yarinya kuwa tata tana cikin girma, don haka a riƙa sake gwada takalminta kowane wata uku ko huɗu. In ciwon diddige ya sa ta ɗingishi, ta huta da gudu, a kai ta wurin likita.